Ranar da Na Mayar da Asibitin Haihuwa Abatuwa

Ko zan manta ranar ɗaurin aurena, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da bakina ya ja mini kunya a gaban matan Jos ba.

Ni dai sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, daga nan na zarce ajin kwamfuta a Kwararafa. A can na faɗa cikin wasu 'yan sa-kai, galibinsu 'yan jami'a, masu gyaran taswirar intanet ɗin nan da kowa ke iya sa wa hannu. Aikin ba wani abin azo-a-gani ba ne. Akwai maƙala a kundin ilimi na intanet kan wani wuri, akwai kuma wurin a taswira, sai ka haɗa su, yadda duk wanda ya taɓa ginin zai ga bayaninsa.

Gaskiya na raina yaran nan. Mutum ya iya Turanci kamar a bakinsa aka ƙera shi, amma ka aike shi Gada Biyu sai ya tambayi waya hanya. Ni kuwa tun kafin a yaye su nake zuwa Abatuwa, wato mayankar garin, sarin kayan ciki, don farfesu ce sana'ata. Saboda haka da shugaban ƙungiyar, Malam Nasiru, ya ce wa zai haɗa maƙalar mayanka da gininta, ban bari ya rufe baki ba.

"Malam, bar wa masu gari. Ko ido rufe na san wurin."

Na buɗe hoton da ake ɗauka daga sama. Jama'a, ashe ta sama duk Jos kwano ce! Mai tsatsa, mai sheƙi, mai tsatsa kuma. Amma in tambayi sa'an ɗan cikina? Allah ya kiyaye. Can na hango wani dogon rufi, gefensa fili ja, bayansa wasu fararen abubuwa a jere. Na ce shi ke nan, ga jini, ga shanu. Na haɗa, na tura. (Dokar ƙungiya ita ce wani ya duba aikinka tukuna. Wata ɗaliba ta matso, na ce mata, "'Yata, je ki duba na sa'anninki.")

A lokacin ana neman wadda za ta koyar da sabon ajin mata, kuma duniya ta san ni na sa rai. Ranar nuna aiki na gayyato matan ajinmu na yaƙi da jahilci kaf, na ɗaura ɗankwali kamar uwar amarya. Aka haska taswira a bango. Na fara da gori.

"Wasu a takarda suka san gari, mu kuwa da ƙafa."

Na taɓa rufina, maƙalar mayanka ta fito, har da hoton mahauci riƙe da wuƙa. Sai Maman Ifeoma, tela maƙwabciyar rumfata wadda muka shiga ƙungiyar tare, ta miƙe tana ƙare wa bango kallo.

"Hajiya, tsaya. Wannan ba Abatuwa ba ne fa. Asibiti ne. A nan na haifi Ifeoma."

"Ke Maman Ifeoma, zauna. Ba ki ga jini ba?"

"Wane jini? Jan bulo ne na wajen fakin motoci."

"To shanun fa?"

"Zannuwan gado ne, Hajiya! Shanya suka yi!"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To mu da muka haihu a can, kilo nawa aka sayar da mu?" Ɗakin ya kece da dariya. Malam Nasiru ya sunkuya wai yana gyara waya, kafaɗunsa na rawa. Ɗalibar da na kora ce ta zo ta warware aikin, ko kallona ba ta yi ba (wannan ya fi zagi ciwo). Ashe tun makon da ya wuce duk mai neman asibitin a taswira, mahaucina yake gani.

Ajin mata dai Maman Ifeoma aka ba. Ina cikin ɗalibanta, layin gaba, kuma kullum sai ta ce, "Hajiya, a kawo shanu mu duba."

Yanzu ba na haɗa ko rumfar mai shayi sai na je ƙofarta na tsaya da wayata. Na san Abatuwa, wannan ba mai ƙwace mini. Amma ta ƙasa na santa. Mai saninta ta sama ungulu ce, ni kuwa farfesu nake sayarwa.