Yaƙin Kubura da Giwar Ruwa

Da sunan Wanda Ya halicci kogi da abin da ke cikinsa. Wannan tarihin gwagwarmayar Kubura ne, 'yar Bawa Mai-Taru, jikar Nomau wanda kada ke kauce wa inuwar jirginsa. Zakanyar Yawuri, sarauniyar alƙalami, wadda ta yi shekaru tana karatun injiniya a birnin Baku na ƙasar Azabaijan, sanyi ya tsattsage mata leɓe amma bai ga hawayenta ba.

Asalin fitinar kuwa, Gwaggo Lanti, ƙanwar babanta, ita ta tsaya tsakar gida ta ce, "'Yar nan ko tarwaɗa aka ba ta sai ta nemi littafi. Boko ya cinye hannun!" Nan take Kubura ta ɗaura ɗamara, ta lashi takobin wanke sunanta da labangi, gasasshen kifin mutanen Azabaijan da ake cusa wa haɗi a ciki a ɗinke.

Aka kawo giwar ruwa, ƙatuwa, mai kallon raini. Jarumar ta kori kowa daga madafa, ta zare wuƙa, ta kankare, ta feɗe, ta wanke ciki tas. Sannan ta fuskanci rundunar albasa, maƙiya marasa imani, ta gurje su, ta matse su cikin ƙyalle har ruwansu ya ƙare, nata idon na ambaliya, majina na kawo ɗauki, tana kururuwa, "Sai ni Kubura! Ba gudu!" Ta buɗe baitulmalinta, wato ƙullin wasu 'ya'yan itace masu siffar ƙwaƙwalwa da ta ratso filayen jirgi da su a ƙasan akwati, ba ta da wasu a duk faɗin Nijeriya. Ta daka su da albasar da wani matsattsen tsami na can, ta ɗura wa giwa, ta ɗinke da allura da zare. Da yake gidan ba abin gashi, sai ta zuba yashi a ƙatuwar tukunya, garwashi sama, garwashi ƙasa, ta jure hayaƙi da ƙunar yatsa har abokiyar gaba ta yi ja, ta miƙa wuya.

Sai mai nasara ta miƙa ganima ga kakarta, Iya Tamadi, ta tafi wanka da ado, don ba a karɓar mubaya'a cikin warin albasa.

Ta fito tana taku ɗai-ɗai, ta tarar gida ya yi tsit sai sautin tsotsar ƙaya. Baba na gyaɗa kai. Gwaggo Lanti da kanta ta ce, "To, ba laifi," wanda a bakinta daidai yake da tambari goma. Kubura ta leƙa faranti don ganin yadda aka yi da haɗin. Wayam.

Iya Tamadi ta ja ta bayan ɗaki, ta rage murya.

"Kwantar da hankalinki, ƙawata, ba wanda ya gani. Ina warware zaren na ga kin manta kayan ciki, har kin ɗinke a kai. Na yi maza na kwashe. Gobe ki zo in nuna miki yadda ake feɗe kifi."

A bakin kwata kuwa, agwagin gida na ta wasoso, suna kaɗa bindi.