Yadda Na Nome Maiwar Surukina

Malamin gona ya saka min wata manhaja a waya. In ka haska tsiro da ita, in ta nuna kore amfani ne, ja kuwa ciyawa. Ban yi boko ba, amma na san ja.

Na tafi taya surukina noma a bayan ganuwa, ina taƙama. Duk abin da ya tsiro tsakanin dawarsa, wayar ta nuna ja. Idona ya ce maiwa ce, na ƙaryata shi. Kunya ta hana ni tambayar suruki, na kafce duka.

Ya zo ya daɗe yana kallo, ya ce, "Sannu da aiki." Shekarar nan gidansa ba su sha fura ba.

Har yau da damina ta faɗi sai ƙannen matata su tare ni: "Injiniya, Baba ya ce bana ma ka huta, ya gode."