Mode da Irin Dasuwan

"Bana likitocin ƙasag ga sai su koma dashen albasa," in ji Mode a tashar Wurno, yana bugun ƙirji awa ganga.

Abokina, Mode manomin tafarnuwa ne, amma bakinai ya fi gonatai faɗi. Ƙanen matatai, Bilyaminu, mai zuwa ƙasar Sin sarin kaya, shi ya kawo mishi tsarabar wasu baƙaƙen 'ya'ya masu danƙo da zaƙi awa dabino. Ya ce can ana kiran su dasuwan.

"Da su wa?" in ji Baba Iliyasu, wanda kunnenai ya daɗe da yin ritaya.

"Dasuwan, Baba."

"Shi nika tambaya, da su wa za a sha?"

Mode ya share shi, ya shiga jero amfani: yana ɗumama ciki, yana kashe tsutsa, yana kwantar da tari. Iyakar abin da Bilyaminu ya faɗa ke nan. Mai da furfura baƙa kuwa, daga aljihunai ya ƙara.

Wanshekare ya nufi fadama ya tuge tafarnuwar da ta fara kai. Matatai Turai ta roƙe shi ya bar ko rabi, don ita ce cin gidan na bana. Ta ma ce ƙamshin abin nan kamar ta san shi. Ya ce mi hancin Wurno ya sani game da Sin?

Ya shuka dasuwan, ya yi shinge, ya yi ta ban ruwa, ya naɗa wa kainai Dokta Dasuwan. Gonakin maƙwabta sunka yi kore shar, gonatai ko tsinke babu. Ya ce irin bai jin Hausa ne, ya riƙa kunna mishi labarun Sinanci a waya. Tururuwa kaɗai sunka amsa.

Da haƙuri ya ƙare, ya kira Bilyaminu a waya daga tasha, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji an cuce shi.

"Yaya, shukawa ka yi? Ai dasuwan tafarnuwa ce da yarensu. Turara ta anka yi har ta yi baƙi. Ta ci ce, ba ta shuka ba."

Baba Iliyasu ya ce mi anka ce, sai da anka kwarara mishi a kunne, har masu kifi sunka ji.

Tsoho ya gyara hula. "Ashe, Dokta, ka tuge mai rai ka binne dafaffa. To bana tuwo da su wa za ka ci?"