Albarka Ta Rasu a Turmin Gwaggo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da Allah ya hukunta, Malam Abdulgafar, malamin lissafi na ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, tare da ɗalibansa arba'in da uku, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Filinge, Bonkuku, Damana da Baleyara rasuwar wayarsa, wadda aka fi sani da Albarka. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara shida, a daidai lokacin da ya rage kwana goma sha tara a shiga jarrabawar bak ta kammala sakandare.

Marigayiya ta zo garin nan daga Yamai a cikin aljihun Malam, kuma tun daga ranar ba ta taɓa kwana a wani gida ba. Duk wanda ya zauna da ita zai shaida mai haƙuri ce. Fuskarta ta tsage tun tana shekara biyu, ba ta taɓa kuka da haka ba. Da batirinta ya kumbura aka ɗaure ta da roba, ta ci gaba da aiki a haka. Inda manyan wayoyi suka gaji suka ce babu rezo, wato sabis, ita takan lalubo shi a kusurwar katanga, bayan rumbu, muddin Malam ya hau bulo ya miƙa hannu sama. Maƙwabta sun daɗe da daina tambayarsa abin da yake yi a can.

Ba za a manta da muryarta ba. In saƙo ya shigo takan ce "tilin!" a hankali, cikin ladabi. In caji ya kusa ƙarewa sai ta yi "tut, tut" sau biyu, ta yi shiru, ba ta son ta dami kowa. A rukunin malamai na Watsaf, inda mutum ɗari biyu ke turo gaisuwar Juma'a iri ɗaya, ita ce ke haƙurin haɗiye su duka don a tsinci saƙo guda mai amfani: ranar jarrabawa, ko sanarwar tallafin karatu, ko wani sabon shafi da ake samun darussa kyauta.

Amma babban alherinta yana cikin ɗan katin ajiyarta, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. A ciki Malam ya tara tambayoyin bak na shekara da shekaru, na ƙasar nan da na maƙwabta, da bidiyon malamai masu bayani a tsanake, da hotunan amsoshin da ya warware da hannunsa, waɗanda gara ta riga ta cinye takardunsu. Ajin nan littafin lissafi uku gare shi. Sauran karatun duk a bakin Albarka ake jin sa. Mariama, ɗalibar da ta zo daga Bonkuku, wadda bak ya kayar da ita bara da maki kaɗan, ba ta da waya. Kullum lokacin hutu takan zauna da Albarka a cinya tana kwafewa cikin littafinta. Ta kai rabi ke nan.

Ciwon ajali ya fara ne ranar Litinin da la'asar. Malam ya sunkuya zai ɗebi ruwa, marigayiya ta zame daga aljihun gaba ta faɗa randa. Ya ciro ta tana numfashi sama-sama. Nan ya tuna da wata shawara da ita kanta ta taɓa nuna masa a wani shafi: wayar da ta sha ruwa a binne ta cikin shinkafa. To, gidan Bakurfe ne mai rayuwa da gero, shinkafa sai ranar suna. Malam mutum ne mai ilimi, ya yi nazari, ya ga ƙwaya ai ƙwaya ce. Ya binne ta tsakiyar ƙwaryar hatsi, ya rufe da faifai, ya ajiye a bakin madafa. Mutumin da ke maimaita wa yara abu sau goma don kada su manta, bai ga dalilin gaya wa kowa a gidan ba.

Washegari ya tafi makaranta. Gwaggo Habsa, ƙanwar mahaifinsa da ta riƙe shi tun yana ƙarami, wadda idonta ya fara rauni amma damtsenta bai san tsufa ba, ta ga an auna mata hatsi har an rufe. Ta sa wa ɗanta albarka saboda wannan hankali. Ta juye a turmi, ta yayyafa ruwa, ta ɗauki taɓarya don surfe. A bugu na uku ta ji "ƙas!", wanda shi ne kalamin marigayiya na ƙarshe. Gwaggo ta ɗauka tsakuwa ce, ta ƙara ƙarfi.

Da ta ga kwalba-kwalba a cikin hatsi ta tsince abin da idonta ya iya gani, ta tara a gefen faifai. Sauran kuwa, tunda ba a zubar da hatsi a gidan nan, ta watsa wa kajinta tara.

Hafizu mai gyaran waya na bakin tasha shi ya duba gawa. Ya jujjuya ta, ya cire hularsa, ya ce: "Malam, wagga ta tahi, sai haƙuri. Amma katin ba shi ciki. Abin ga taurin rai gare shi, in kun gane shi zan iya tashe shi." Aka tankaɗe ƙasar tsakar gida da rariya har sau biyu. An samu allura ɗaya da maɓalli uku. Daga nan kowa ya juya ya kalli kaji, su ma suka kalli kowa.

Malam bai nufi akurki ba, domin ya san kajin nan su ne duk abin da Gwaggo ta mallaka a duniya. Ita ce ta shiga akurki da kanta, ta fito da ɗaya a hannu, ƙafafu a ɗaure. Ta ce: "Ni nid dake ta, ni ka biya. In karatun ɗiyan mutane na cikin ƙundu, a yanka a hiddo shi."

Kwana takwas ke nan ana yanka kaza guda kowace rana. Hafizu yakan zo da tsinke ya binciki ƙundu, 'yan gaisuwa kuma su binciki sauran. Ba a taɓa ganin makokin da jama'a suka riƙe da aminci irin wannan ba. Akwai malamin da ya zo ta'aziyya sau shida, kuma bai taɓa kuskuren lokaci ba. A cikin ƙundu takwas an samu tsakuwa, da ɗan kunne, da guntun robar da ta ɗaure marigayiya. Kati dai shiru.

Jiya saura kaza ɗaya, wata ja mai kwanci a kan ƙwai goma sha ɗaya. Gwaggo ta ɗauko ta daga kan ƙwan, ta miƙa wa Malam, ta kau da kai. Malam masanin lissafi ne, ya san in dai katin yana cikin kaza, to a wannan yake. Ya riƙe wuƙa, ya dubi Mariama da ke tsaye da littafinta mai rabin shafuka fari, ya dubi tsohuwar da ta yi kwana takwas ba ta taɓa naman ba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Mariama ce ta yi magana: "Malam, wa yar rubuta amsoshin nan da hwari? Ba kai na ba?" Ya ajiye wuƙa, ya mai da kaza kan ƙwanta.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai sai an lanƙwasa, da abin sauraro mai kunne guda, da ɗalibai arba'in da uku waɗanda jarrabawa ta rage musu kwana goma.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan azahar, a bayan rumbu, cikin gwangwanin tumatir. Daga nan za a wuce aji, inda za a zauna makoki kowace rana daga la'asar zuwa magariba har ranar jarrabawa. Malam zai tsaya gaban allo ya sake warware duk abin da ya iya tunawa, Mariama ta karanto rabin da ke hannunta. Duk malami ko tsohon ɗalibin da ke da ko shafi ɗaya na tambayoyin bak a wayarsa, ya zo da shi, ya fi goro.

Ana roƙon masu gaisuwa su fara shiga wurin Gwaggo Habsa, kuma kada wanda ya ambaci turmi a gabanta. Ɗalibi ya zo da alƙalami. Wanda kuma ya san ya ci daga cikin kajin nan takwas, Allah ya ba shi ikon zuwa da 'yar tsakuwar kaza mai rai, ya saka a akurki ba tare da ya yi magana ba.