Ranar da Na Yi wa Jita Maganin Mura

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Anti Nkechi ba, kuma ko na so mantawa, 'yan layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ba za su bar ni ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Iyayensu 'yan kudu ne, amma yaran duk a Kano aka haife su, Hausar bakinsu ta fi tawa gishiri. Anti Nkechi ce babba. Ngozi ce auta, ƙawata tun muna 'yar carafke a ƙofar gida. A tsakiyarsu akwai Yaya Chidi, yana karatun aikin jinya, ran Lahadi kuma shi ke kaɗa jita a cocinsu. Idan yana gwaji da yamma, sai in ɗauki kwano ɗaya in je jikin katanga in yi ta cuɗa shi, Umma tana zaton Allah ya shirya mata 'ya.

Burina a duniya ya koya min. Na roƙe shi har bakina ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya, wai jita da kunne ake fara ta, yatsa daga baya yake zuwa. Sai na duƙufa kallon bidiyo a wayar Umma, na wasu turawa masu gemu da ke ɗaukar jita su kaɗa, su lumshe ido, su ajiye su ɗauki wata. (Datar Umma ta riƙa ƙarewa ba gaira ba dalili, har ta fara yi wa kamfanin waya Allah ya isa. Ina gefe ina taya ta.)

Da biki ya matso, aka ce Yaya Chidi ne zai kaɗa waƙar da amarya za ta taka rawa da babanta. Yana da tasa jitar, ja, sai ya aro wata mai ruwan zuma wurin abokinsa a Hotoro. Duk biyun na lantarki ne, irin waɗanda tsakiyarsu katako ne zalla, gefe da gefe kuma kogo, da 'yan tsaga biyu masu lanƙwasa a fuska kamar an yi musu zane. Ya kasa zaɓa. Ya kira ni da Ngozi tsakar gida, ya juyar da mu muna kallon bango, ya ce yau zai ga wadda ke da kunne.

Ya kaɗa ta farko, ya kaɗa ta biyu. Ngozi ta ce ita dai duk ɗaya ta ji, kuma tana jin yunwa. Ni kuwa na lumshe ido irin na turawan nan, na gyara murya. Na ce ta farkon sautinta tas-tas yake fita, kamar mai shayi yana buga cokali a kofin gilashi, kowace tsirkiya da bakinta, sai dai tana da tsiwa, kuma da ta faɗi abin da za ta faɗa sai ta yi gum. Ta biyun kuwa murya gare ta mai kauri da ɗumi, idan aka taɓa ta sautin ba ya tafiya nan take, yana tsayawa a iska kamar turaren wuta bayan an fita da kasko. Da muka juyo, ashe jar ce ta farkon. Na ce jar ta rawar samari ce, amma uba zai miƙa 'yarsa, ai sai mai ruwan zuma.

Yaya Chidi ya jingine jar a bango. Ya ce to, ita zai kaɗa, idan zaɓina ya yi kyau, bayan biki za mu fara darasi. (Umma ta riga ta yarda, bisa sharaɗin sai bayan Islamiyya, kuma a tsakar gida gaban Maman Ngozi. Abba kuwa mun bari sai ranar da ya ci abinci mai daɗi.)

Da na tsaya a nan, da yanzu labarin daɗi nake ba ku. Amma kaina ya riga ya kumbura. Na ƙara da cewa mai ruwan zuman tana da ɗan aibi, kamar hancinta a toshe yake, mura take yi. Ya yi dariya ya ce, "Bar mata murarta, ƙanwata."

Ban bar mata ba.

Ranar biki da safe duk sun tafi coci ɗaurin aure, ni da Umma da wasu maƙwabta muna tsakar gidansu muna taya suyar nama. Aka aike ni falo ɗauko faranti. Ga jitar nan jingine a cikin jakarta. Na ce bari dai in gaishe ta. Na haska fitilar waya ta cikin tsagar nan, me zan gani? Soson katifa, gutsi-gutsi, an cunkusa shi har wuya. Nan take na gano komai. Ko dai ɓeraye ne suka yi sheƙa, ko yaran gidan can na Hotoro ne ba su da tarbiyya. Ga murar nan ƙuru-ƙuru, likita ɗungurungum a gida bai gani ba, sai ni.

Na ruga gida na ɗauko kwarashin saƙar Umma. Na zauna na yi ta zaƙulo soso, ɗaya bayan ɗaya, har na yi gumi. Da na gama na ɗan taɓa tsirkiya, ko wuta ban jona ba, sai na ji ta buɗe, kogon ya amsa. Wallahi har ƙwalla na yi don tausayin kaina, irin wannan baiwa a ce ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ba a sani ba. Na ƙulle soson a leda na cusa a jakar hannuna, da niyyar sai an gama tafi in nuna wa Yaya Chidi abin da na cece shi daga gare shi.

A wani ɗakin taro a Tarauni aka yi liyafar. Teburinmu na matan layi ne, kuma kafin a kawo lemo na riga na ba su labari kaf. Na buɗe jaka na nuna musu ledar. Na ce su kasa kunne, abin da za su ji aikina ne.

Ayarin amarya ya makara a cunkoso, don haka Yaya Chidi ko gwaji bai samu yi ba. Ya shigo da saurinsa, ya jona waya, ya tsaya daidai gaban wasu lasifika masu girman firij. Mai gabatarwa ya kira amarya da babanta. Suka fito tsakiyar fili, tsohon ya riƙe hannunta, ɗaki ya yi tsit. Yaya Chidi ya murɗa sauti sama.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku haɗa jiniyar motar asibiti da kukan akuyar da aka taka wa jela, ku zuba su a rijiya. Jarirai suka amsa gaba ɗaya. Wata mata ta shige ƙarƙashin tebur da gwaggwaronta. Baban amarya, wanda ya shekara yana kukan ciwon gwiwa, ya yi tsallen da ko ɗan ƙwallo sai haka. Yaya Chidi ya dafe tsirkiyoyi ya rage sauti, aka yi shiru. Ya sake ƙarawa, kukan ya dawo. Idan ya rage ba mai ji, idan ya ƙara sai jiniya. Jar jitar kuma tana gida, saboda wata mai kunne ta ce ba ta dace ba.

Anti Nkechi tana tsaye a tsakiyar fili, tana ta ƙoƙarin murmushi, amma ina hango idonta ya ciko.

Yaya Chidi ya karkata jitar ya leƙa cikin tsagar. Ya matsa jikin makirfo ya yi tambaya da Turanci. Sai idonsa ya sauka a teburinmu, ya maimaita da Hausa, a hankali.

"Don Allah, wa ya cire soson da ke cikin jitar nan?"

Matan layinmu suka juyo gare ni a tare, kamar an murɗa su da waya ɗaya. Umma ko ɗaga murya ba ta yi ba.

"Tashi ki kai musu kayansu."

Tsakanin teburinmu da dandamali ba nisa, amma ni na ji kamar daga Tarauni zuwa Zariya na taka. Mai ɗaukar bidiyo ya biyo ni, fuskata ta fito a babban allo, kowane ƙurji da adireshinsa. Da na jawo ledar, sai kwarashin ya faɗo, ya biyo da wata tsokar nama da na naɗe tun safe don gudun ko-ta-kwana. Mai gabatarwa ya ce jama'a su kwantar da hankali, injiniya ta iso daga Gyaɗi-Gyaɗi, har da guzurinta.

Na durƙusa a gaban jama'a ina mayar da soso da kwarashi, Yaya Chidi yana riƙe da jitar yana min bayani ƙasa-ƙasa ta tsakanin haƙora. Wai kogon nan yana jin abin da lasifika ta faɗa, sai ya girgiza ya mayar mata, ita kuma ta ƙara gishiri ta dawo masa da shi, haka za su yi ta yi kamar magulmata biyu har abin ya zama ihu. Abokinsa da gangan ya cusa soson, don a wurin taro yake kaɗa ta.

Da muka gama ya murɗa sauti, kowa ya dafe kunne. Shiru. Sai ya taɓa tsirkiya, muryar nan mai kauri ta cika ɗakin, da 'yar murarta da komai. Tsohon ya ja 'yarsa suka fara takawa, ta kwantar da kai a kafaɗarsa ta yi kukan da ya dace. Ni a bayan lasifika na saurari waƙar, don a nan ne kaɗai mai bidiyo ba ya gani na.

Na yi kwanaki ko shago ba na zuwa. Sai ga Yaya Chidi ya yi sallama a ƙofarmu. Ya ce kowa ya yaba da sautin jitar, zaɓina ya yi, alkawari kuma kaya ne, in zo mu fara. Na je da murnata. Ya ajiye min kujera, ya ce in zauna a kan tafukan hannuna, shi zai kaɗa ni in saurara. Har yau a darasin nan muke. Ya ce kunnena ya ci jarrabawa, hannuna ne aka yi wa maimaicin aji.

Abin da na koya dai, idan ka ga rami a toshe, nemi wanda ya toshe shi ku gaisa tukuna. Shi ya san abin da ke kuka a ciki.