Tafkin da Na Gani Ta Tagar Motar Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin Asabar da Gunnar ya zauna a zauren Mai Unguwarmu ba, ko da kuwa ina so in manta, don mutanen Sheshe ba za su bar ni ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a cikin birni. Shekarun baya aka tura ni taron malamai na kwana tara a wani gari na ƙasar Suwidin mai suna Växjö (kada ka wahalar da harshenka, ni ma har na dawo ban iya faɗa ba). Gari ne madaidaici a tsakiyar daji, tafkuna sun kewaye shi, ga wata tsohuwar majami'a mai hasumiya biyu masu tsini da ake hangowa daga nesa. Ƙasarsu duk duwatsu, shi ya sa a zamanin da can yunwa ta kori kakanninsu da yawa zuwa Amurka. Abin da suka fi tinƙaho da shi kuwa wani tafki ne da ya taɓa zama juji, suka gyara shi har ana wanka a ciki.

A gidan wani malami aka sauke ni, shi ne Gunnar. Ranar farko matarsa ta kawo kifi da dankali, ƙamshi ya cika ɗaki. Ni kuwa ɗan mutunci, na ce, "A'a wallahi, a ƙoshe nake." Ina jira a ce haba, ko loma biyu. Sai ta ce to, ta ɗauke farantin. Ta ɗauke fa! Da safe na sake yin kara, aka sake ɗaukewa. Daga nan suka yanke cewa addinina ne ya hana, suka daina tayi don girmamawa. Gunnar ya nuna min firij ya ce in ɗauki abin da nake so. Jama'a, wane Bakano ne zai buɗe firij ɗin gidan mutane? Haka na rayu a kan ƙuli-ƙulin jakata da gahawar da suke sha da hantsi.

Rana ta huɗu aka fita da mu yawon gari, majami'a da farko, sannan tafki, inda za a yi mana bayanin gyaran. A ƙofar majami'ar na ɗaga kai ina kallon hasumiyoyin, sai na ga sun zama huɗu. Tafkin dai na gan shi, ta tagar motar asibiti, a kwance.

Ranar tafiya na rungume Gunnar na ce in ya zo Kano gidana gidansa ne. Ka san irin maganar, kowa na faɗa. Shi kuwa ya zaro ɗan littafi ya rubuta adireshina.

Da na dawo, labarin ya yi ta girma a majalisa. Kwana tara suka zama "lokacin da nake Suwidin". Tafkin kuwa, ni na san sirrinsa: wani magani ake zubawa, ruwa ya washe kamar na randa. Ban san inda na samo maganin nan ba, bakina ne kawai ya haife shi. To muna da wani kududdufi a bayan unguwa, duk damina sai ya cika ya shigo gidaje da wari da sauro. Da dattawa suka tashi kafa kwamitin gyara shi, ba a ko yi musu ba, ni aka ce shugaba. Ranar Asabar za a tabbatar. Har na kai sabuwar shadda ɗinki. Na so kujerar nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba, don a unguwarmu ba a taɓa ba wani daga gidanmu shugabancin komai ba.

Ranar Laraba saƙo ya shigo wayata. Gunnar ya yi ritaya, yana yawon ganin Afirka, zai iso Juma'a ƙarfe biyu da kwata, kamar yadda na gayyace shi. Ƙarfe biyu da kwata kuwa ya iso.

Na so in ɓoye shi, amma ina za ka ɓoye Bature mai tsawon ƙofar zaure a lungun Sheshe? Mai Unguwa ya aiko cewa lallai in zo da baƙon wajen taro, tunda Allah ya kawo ɗan garin da kansa.

Na zauna kusa da shi a matsayin tafinta, ina ganin ai harshen a hannuna yake. Mai Unguwa ya ce, "Malam, tambaye shi sunan maganin nan da inda ake samu."

Na tambaye shi ko ya ji daɗin zafin Kano. Ya ce ya ji. Na juya na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce maganin ya yi wuya yanzu."

Daga can kusurwa wani ya yi gyaran murya. Malam Habu ne, tsohon hedimasta, wanda ya koya min Turanci da bulala. Na manta shaf yana nan.

"Ba abin da ka tambaye shi ke nan ba," ya ce. "Matsa."

Na matsa. Malam Habu ya yi tambayar yadda take, ya kuma fassara amsar bai rage ko wasali ba. Babu wani magani. Sun hana zuba ƙazanta ne, sannan suka kwashe laka daga ƙasan tafkin.

Mai Unguwa ya nuna ni ya ce, "Amma Malam ya ce da idonsa ya gani."

Gunnar ya dafa kafaɗata cike da tausayi, don shi a ganinsa kare ni yake yi. Ya ce kada a ga laifina, ranar bayanin ina asibiti, na faɗi a ƙofar majami'a, likita ya ce yunwa ce. Ya ce har yau matarsa tana jin kunyar abin, kuma ba ta gane dalilin da na ce na ƙoshi ba.

Wallahi da an yi dariya da ya fi min sauƙi. Ba wanda ya yi. Mai Unguwa ya kalle ni, sannan ya ce, "To ashe yasa ce. A kira Tanko mai yasar rijiya." A take aka ba Tanko shugabanci. Ni aka ba ni shebur, bisa shawarar Malam Habu, wai in samu ilimin a aikace.

Kududdufin ya gyaru, alhamdulillahi, bana ruwa bai shiga gidan kowa ba. Ni ma na ƙaru. Yanzu in ɗalibai suka tambaye ni labarin wani gari da na taɓa zuwa, sai na fara ware abin da na gani a tsaye da abin da na gani a kwance, kafin in buɗe baki.