Ranar da Na Sa wa Kawu Hular Wayoyi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa wa Kawu Modu hular wayoyi a ka.

Lokacin ina binciken digiri na biyu, a wani ɗaki da muka ara a Sabon Gari. Wasan kwamfuta ne da ake yi da tunani zalla: hular ta karanta ƙwaƙwalwarka, in ka nufi dama ƙwallo ta yi dama. Ni kuwa takaici nake aunawa. Sai na shirya wasan ya riƙa saɓa wa mutum da gangan ba da saninsa ba, daga baya in tambaye shi yadda ransa ya ɓaci, daga ɗaya zuwa biyar. (Har ƙirji nake bugawa da wannan dabara, wai ni mai ilimi.)

Matsalar, mutanenmu. Kana ganin mutum yana cizon leɓe, ka tambaye shi, ya ce, "Ba komai, Malam."

Sai na tuna da Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai atamfa a Kantin Kwari, wanda kowa ya san shi da faɗa. Shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi gida a Fagge. 'Ya'yansa na cewa ya haƙura da shago, shi yana cewa, "Hannu ne ya mutu, kaina garau yake." Na ce yauwa, ga mai ba ni biyar. Na ɗauko shi a adaidaita, ban gaya masa komai ba.

Ya cire hularsa zanna ya ɗora a cinya, na sa masa tawa hular. Ya nufi dama, ƙwallo ta yi hagu. Ya sake. Ya kuma sakewa. Gumi ya keto masa, ni kuwa shashasha ina gefe ina murna.

"Kawu, ranka ya ɓaci? Ɗaya zuwa biyar?"

Ya ce, "Ba komai, ɗan nan. Ashe gaskiyar yaran ce, kan ma ya tafi." Ya laluba aljihu da hagu ya miƙo min makullin shago. "Kai wa babban ɗana."

Innalillahi! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa ina rantsuwa ni na lalata wasan. Ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka, so kake ka kwantar min da hankali."

Har yau bai yarda ba, bai kuma sake taka Kwari ba.

Digiri dai na samu. Darasin kuwa ko mai shayi ya san shi: kafin ka yi wa mutum ƙarya da sunan ilimi, ka fara sanin abu ɗayan da ya rage masa.